Kamfanin Nike da batun bautar da yara: abin da ya faru a masana'antun da ke yi masa aiki a ƙetare

Nike shi ne kamfanin kayan wasanni mafi girma a duniya. Hedikwatarsa tana kusa da garin Beaverton a jihar Oregon ta Amurka, kuma cinikinsa ya haura dala biliyan 45 a shekara. Sai dai takalma da riguna da ƙwallayen da ke ɗauke da tambarinsa ba shi ke ƙera su da hannunsa ba. Kwangila yake bai wa ɗaruruwan masana'antu, akasarinsu a nahiyar Asiya, waɗanda ke ɗauke da ma'aikata sama da miliyan ɗaya. Tun farkon shekarun 1990 ake zargin wasu daga cikin masana'antun da sa yara aiki, da biyan albashin da bai taka kara ya karya ba, da tilasta aikin ƙarin lokaci, da cin zarafin ma'aikata. Wannan bayani ya tattaro yadda lamarin ya faro, da abin da aka tabbatar, da matakan da aka ɗauka, da abin da ya rage.

Yadda tsarin kwangilar yake

A shekarar 1964 ne Phil Knight da mai horar da shi gudu, Bill Bowerman, suka kafa kamfanin da sunan Blue Ribbon Sports. Da farko sarin takalman Onitsuka Tiger suke yi daga Japan suna sayarwa a Amurka. A 1971 suka raɗa masa suna Nike, suka fara fitar da nasu samfurin. Tun daga lokacin kamfanin ya riƙe zanen kaya da talla da sayarwa, ya bar wa ƴan kwangila mafi yawan aikin yanka da ɗinki da manna tafin takalmi.

Aikin ya riƙa bin inda lada ya fi araha. Daga Japan ya koma Koriya ta Kudu da Taiwan. Da albashi ya tashi a ƙasashen biyu, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka yi ƙarfi a ƙarshen shekarun 1980, sai masu masana'antun suka kwashe injunansu suka nufi Indonesiya da Sin, daga baya kuma Biyetnam. Shi ya sa har gobe manyan masana'antun takalma a waɗannan ƙasashe na ƴan Koriya da ƴan Taiwan ne. A yau kusan rabin takalman Nike a Biyetnam ake yin su, sai Indonesiya da Sin suke biye.

Wannan tsari ne tushen gardamar. Da aka fara ƙorafi, amsar kamfanin ita ce masana'antun ba nasa ba ne, ma'aikatan ma ba shi ya ɗauke su ba. Masu suka kuma suka ce wanda ke yanke farashi, ya sa ranar da za a kawo kaya, ya kuma kwashi riba mafi tsoka, ba zai tsame hannunsa daga halin da masu aikin suke ciki ba. A ganinsu, kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Me ake nufi da bautar da yara?

Dokokin duniya sun bambanta yaron da ke taya iyayensa ɗan aikin gida ko na gona da yaron da aka sa aikin da ya fi ƙarfin shekarunsa, ko ya hana shi makaranta, ko ya cutar da lafiyarsa. Na biyun ne ake kira bautar da yara.

Yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT, su ne ma'auni. Mai lamba 138 ta 1973 ta ce kada a ɗauki yaro aiki kafin ya cika shekara 15, amma ta yi wa ƙasashe masu tasowa sassauci zuwa 14. Aiki mai haɗari kuwa sai wanda ya cika 18. Mai lamba 182 ta 1999 ta haramta mafi munin nau'o'in, kamar bauta da safarar yara da sa su yaƙi. A 2020 ta zama yarjejeniyar OIT ta farko da duk ƙasashen ƙungiyar suka amince da ita.

Indonesiya: takardar albashin da ta tayar da ƙura

Wani Ba'amurke mai fafutukar ƙwadago da ya yi aiki a Jakarta, Jeff Ballinger, shi ne ya fara fito da batun fili. A watan Agustan 1992 ya buga takardar albashin wata ma'aikaciyar masana'antar takalma a mujallar Harper's. Lissafinsa ya nuna tana samun kimanin senti 14 a awa, alhali dala ɗaya senti ɗari ce. Ya kwatanta hakan da dala miliyan 20 da aka ce kamfanin yana biyan ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan don talla, ya ce sai matar ta yi aikin fiye da shekara dubu 44 kafin ta tara wannan kuɗi.

A lokacin Indonesiya tana ƙarƙashin mulkin Suharto, ƙungiyar ƙwadago ɗaya tak gwamnati ta yarda da ita, kuma sau da yawa jami'an tsaro ne ke murƙushe yajin aiki. A shekarar ce Nike ya fitar da ƙa'idojin aiki na farko ga ƴan kwangilarsa, amma babu wani na waje da ke duba ko ana bin su.

Pakistan: ƙwallayen Sialkot

Garin Sialkot da ke lardin Punjab ya daɗe yana samar da mafi yawan ƙwallayen ƙafa masu ɗinkin hannu a duniya. Ƙwallo irin ta da tana da ƙyalle 32, tana kuma cin ɗinki kusan 700. Gwani kan haɗa uku zuwa biyar a yini. A masana'anta ake yanka ƙyallayen, sannan dillalai su kwasa su rarraba a ƙauyuka, a ɗinka a gidaje da ƴan rumfuna. Da yake a kan kowace ƙwallo ake biya, duk wani hannu da ke gidan yakan shiga aikin, har da na yara.

Idon duniya ya riga ya koma kan Pakistan tun watan Afrilun 1995, lokacin da aka harbe Iqbal Masih, yaron da ya kuɓuta daga bautar saƙar darduma ya zama mai fafutuka. Sai ga mujallar Life ta watan Yunin 1996 da rahoton ɗan jarida Sydney Schanberg, ɗauke da hoton wani yaro ɗan shekara 12 zaune a ƙasa yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike, a kan ladan da bai wuce senti 60 ba. Hoton ya bazu, masu zanga-zanga suka riƙa ɗaga shi a ƙofar shagunan kamfanin a Amurka da Kanada. Nike ba shi kaɗai ke sayen ƙwallo a Sialkot ba, manyan kamfanonin wasanni da dama a nan suke saye, amma tambarinsa ne ya fito a hoton.

A ranar 14 ga Fabrairun 1997, OIT da UNICEF da Majalisar Kasuwanci da Masana'antu ta Sialkot suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Atlanta, da nufin fitar da yara ƴan ƙasa da shekara 14 daga sana'ar. An ƙiyasta yawansu ya kai kimanin 7,000. Aka mayar da ɗinkin cibiyoyi masu rajista inda masu sa ido za su iya shiga ba tare da sanarwa ba, aka kuma buɗe wa yaran azuzuwan karatu. OIT ce ta fara riƙe aikin sa idon, daga baya ta miƙa shi ga wata hukuma mai zaman kanta ta cikin gida, IMAC.

Yawan yaran da ke ɗinkin ya ragu ƙwarai. Amma gyaran ya zo da nasa ciwon: mata da yawa da ke ɗinki a cikin gidajensu ba su iya fita zuwa cibiyoyin ba, abin da ke shigo wa iyalansu ya ragu, har sai da aka amince a buɗe ƙananan cibiyoyin mata a ƙauyuka. A ƙarshen 2006 Nike ya yanke hulɗa da babban ɗan kwangilarsa na garin, Saga Sports, bisa zargin saɓa ƙa'idojin aiki, ciki har da fitar da ɗinki zuwa gidaje. A 2007 ya dawo Sialkot ta hannun wani kamfani, Silver Star, da sharaɗin a yi duk aikin a cikin masana'anta. Har yanzu garin na kan gaba a sana'ar: a can aka ƙera ƙwallayen Adidas da aka buga gasar cin kofin duniya da su a 2014 da 2018 da 2022.

Biyetnam: iska mai guba da horon wulaƙanci

A Biyetnam matsalar ta fi shafar manya, galibi ƴan mata da suka baro ƙauyuka. A watan Maris na 1997 aka ruwaito cewa wata mai kula da ma'aikata ta sa mata 56 zagaya harabar wata masana'anta da gudu cikin rana, saboda wasunsu ba su sa takalmin da aka ƙayyade ba. Goma sha biyu suka suma, aka kai su asibiti.

A shekarar ce Nike ya ɗauki Andrew Young, tsohon jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zagaya masana'antu a Asiya. Rahotonsa ya ce kamfanin yana ƙoƙari, ko da yake akwai sauran gyara. An soki rahoton da cewa bai taɓo batun albashi ba, kuma da tafintocin kamfanin aka yi hira da ma'aikata.

A watan Nuwamba wani rahoton sirri da kamfanin binciken Ernst & Young ya rubuta wa Nike ya faɗa hannun masu fafutuka, jaridar New York Times ta buga shi. Ya shafi masana'antar Tae Kwang Vina da ke kusa da birnin Ho Chi Minh, mai ma'aikata sama da 9,000. An gano cewa a wasu sassanta sinadarin toluwin da ke cikin iska ya ninka abin da doka ta yarda da shi har sau 177. Toluwin sinadari ne da ake samu a gam da fenti, irinsa ne ke sa warin sholisho hawa kai, kuma yawan shaƙarsa na illata ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Kashi 77 cikin ɗari na ma'aikatan da aka duba suna fama da matsalar numfashi. Ana kuma sa su aikin awa 65 a mako a kan kimanin dala 10.

Jawabin 1998 da abin da ya biyo baya

A ranar 12 ga Mayun 1998, Phil Knight ya tsaya a gaban ƴan jarida a birnin Washington, ya amsa cewa sunan Nike ya zama ɗaya da albashin bauta da aikin dole da cin zarafi. Ya yi alƙawarin ba za a ƙara ɗaukar wanda bai cika shekara 18 ba a masana'antun takalma, ko 16 a na tufafi. Ya ce za a bi ma'aunin tsabtar iska na Amurka, a kuma bar ƙungiyoyi masu zaman kansu su shiga aikin sa ido. Daga baya kamfanin ya maye gurbin mafi yawan gam mai sinadarin fetur da wanda ake haɗawa da ruwa. Alƙawarin biyan albashin da zai ishi ma'aikaci da iyalinsa kuwa bai shiga jawabin ba.

A 1999 aka kafa ƙungiyar sa ido ta FLA, wadda ta haɗa kamfanoni da jami'o'i da ƙungiyoyin farar hula, Nike na cikin waɗanda suka kafa ta. Ɗaliban jami'o'in Amurka suka ga kamfanoni sun yi mata yawa, suka matsa aka kafa wata a 2000 mai suna WRC, wadda babu kamfani a shugabancinta. Da Jami'ar Oregon ta shiga WRC, Knight ya janye gudummawar dala miliyan 30 da ya yi niyyar ba ta, sai daga baya suka shirya.

An kuma je kotu. Wani ɗan fafutuka, Marc Kasky, ya kai ƙara a Kalifoniya a 1998, yana cewa bayanan da kamfanin ke fitarwa don wanke kansa talla ce ta yaudara. A 2002 kotun ƙolin jihar ta ce ana iya auna irin waɗannan bayanai da dokar talla. A 2003 aka sasanta, Nike ya biya FLA dala miliyan ɗaya da rabi. A 2005 ya wallafa sunaye da adireshin masana'antu sama da 700 da ke yi masa aiki, abin da babu wani babban kamfanin tufafi da ya yi kafin shi.

Ƙorafe-ƙorafen da suka ci gaba

A watan Oktoban 2000 shirin Panorama na BBC ya nuna ƴan mata masu ƙananan shekaru a masana'antar June Textiles da ke Kambodiya, mai yi wa Nike da Gap ɗinki. A ƙasar da yaƙi ya lalata rajistar haihuwa, tantance shekarun mai neman aiki na da wuya, takardun bogi kuma ba su da tsada. Nike ya janye daga ƙasar na wani lokaci, ya dawo bayan OIT ta fara sa ido a masana'antunta.

A 2001 ma'aikatan masana'antar Kukdong a jihar Puebla ta Meziko suka yi yajin aiki, daga ƙarshe suka samu ƙungiyar ƙwadago mai cin gashin kanta. A 2008 wani gidan talabijin na Ostireliya ya gano cewa masana'antar Hytex a Malesiya tana riƙe fasfo ɗin baƙin ma'aikata, tana cunkusa su a ɗakuna marasa tsabta. A 2010 Nike ya amince ya ba da dala miliyan ɗaya da rabi ga ma'aikatan masana'antu biyu da aka rufe a Honduras ba tare da an biya su kuɗin sallama ba. A 2012 masana'antar Nikomas a Indonesiya ta yarda ta biya ma'aikata kusan 4,500 bashin aikin ƙarin lokaci na kimanin dala miliyan ɗaya. A 2014 dubun dubatar ma'aikatan Yue Yuen a Dongguan na ƙasar Sin, masu yi wa Nike da Adidas takalma, suka ajiye aiki a kan kuɗin inshora da fansho.

A 2020 cibiyar bincike ta ASPI da ke Ostireliya ta ce an kai ƴan ƙabilar Uighur, Musulmin yankin Xinjiang, aiki a masana'antu a sassan Sin cikin yanayin da ke nuna tilas, har da wata mai yi wa Nike takalma kusa da Qingdao. Kamfanin ya ce ba ya sayen kaya daga Xinjiang, kuma masana'antar ta daina ɗaukar ma'aikata daga yankin. Gwamnatin Sin ta musanta zargin aikin tilas baki ɗaya.

Me bincike ya nuna?

Malamin jami'a Richard Locke da abokan aikinsa sun nazarci sakamakon binciken da Nike ya yi a masana'antu sama da 800 a ƙasashe 51. Sun gano cewa zuwan masu duba kaɗai bai cika sauya komai ba. An fi samun gyara inda dokar ƙasa ke aiki, kuma kamfanin ya zauna da masana'antar aka gyara tsarin aikin kansa. Dalilin a bayyane yake: idan ɓangare ɗaya na kamfani yana cewa a rage awannin aiki, ɗayan kuma yana neman kaya da sauri a farashi mai rahusa, mai masana'anta zai saurari wanda ke riƙe da kuɗin.

Masana tattalin arziki Ann Harrison da Jason Scorse kuma sun duba Indonesiya ta shekarun 1990, suka ga matsin lambar masu fafutuka ya ɗaga albashi sosai a masana'antun da aka sa wa ido, ba tare da an yi asarar ayyuka masu yawa ba, ko da yake wasu ƙananan masana'antu sun rufe.

Akwai kuma darasin Bangladesh. Da aka gabatar da wani ƙudurin doka a majalisar Amurka a 1992 don hana shigo da kayan da yara suka yi, masana'antun tufafi suka sallami yara kimanin 50,000. UNICEF ta bi sawu, ta tarar da yawansu sun koma fasa dutse da talla da wasu ayyukan da suka fi na baya muni. An gudu ba a tsira ba. Shi ya sa yarjejeniyoyin da suka biyo baya, har da ta Sialkot, suka haɗa fitar da yaro daga aiki da sama masa makaranta da tallafa wa iyalinsa.

Dokokin da suka shigo daga baya

Shekara da shekaru ƙa'idojin kamfanoni na ganin dama ne. Rushewar ginin Rana Plaza a Bangladesh ranar 24 ga Afrilun 2013, inda ma'aikatan ɗinki sama da 1,100 suka mutu, ta sauya tunanin gwamnatoci, duk da cewa ba a yi wa Nike aiki a ginin. A watan Maris na 2017 Faransa ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan kamfanoninta, masu ma'aikata 5,000 a cikin ƙasar ko 10,000 a duniya, su tsara yadda za su hana take haƙƙin ɗan Adam har a wajen ƴan kwangilarsu. Dokar Jamus mai kama da ita ta fara aiki a 2023. Amurka kuma tun 2022 take tare kayan da ke da alaƙa da Xinjiang, sai mai shigo da su ya kawo hujjar cewa babu aikin tilas a ciki.

Inda aka kwana

A yau samun yaro a manyan masana'antun da ke yi wa Nike aiki kai tsaye abu ne mai wuya. Haɗarin ya fi yawa a can ƙasan jerin: gonakin auduga, da masaƙu, da majemu, da ƙananan ƴan kwangilar da ake ba aiki a ɓoye. Ƙorafin manyan ma'aikata kuma yana nan a kan albashi, da zafin ɗakunan aiki, da ƴancin kafa ƙungiya.

Ƙididdigar da OIT da UNICEF suka fitar a 2025 ta ce yara kimanin miliyan 138 ne ake bautarwa a duniya, ƙasa da miliyan 246 na shekarar 2000. Miliyan 54 daga ciki aikinsu mai haɗari ne. Kusan kashi biyu bisa uku na jimillar suna Afirka kudu da Sahara, kuma noma ne ya fi cinye su, masana'antu ƙaramin kaso ne.

Kayan Nike sun saba da kasuwanninmu. Shi ke yi wa Super Eagles ta Najeriya da tawagar Faransa rigunan ƙwallo, kuma rigar Najeriya ta gasar 2018 ta yi farin jinin da jabunta ya cika kasuwa tun kafin ta asalin ta fito. Mai saye zai iya duba lambar da ke cikin riga ko harshen takalmi ya ga ƙasar da aka yi su, kuma jerin masana'antun kamfanin yana intanet ga mai son dubawa. Amma mafi yawan masu tambarin da ake shimfiɗawa a kasuwannin Accra da Douala da N'Djamena gwanjo ne ko jabu. Shi jabu ba ya cikin kowane jeri, kuma babu mai sa ido da ke shiga inda ake ɗinka shi.